ƘAIƘAYI BA ƊAYA BA NE: KIRCI DA DANGINSA A ƘASAR ƘAURAN NAMODA, SHINKAFI DA ZURMI

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin arewacin Jihar Zamfara



Muna godiya da wannan dama da aka ba mu ta tsayawa gabanku. Abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa yau, wataƙila wani ya ga bai kai a tara mutane dominsa ba, musamman ga mutanen da suka fito daga yankin da ke fama da rashin tsaro da tsadar abinci. To, amma duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da jaririn da ƙaiƙayi ya hana barci, ya ga uwarsa ta kwana zaune tana riƙe masa hannuwa don kada ya yage fuskarsa, ya san ciwon fata ba abin wasa ba ne. Yana hana ɗalibi karatu, yana hana magini riƙe cebur, yakan kuma sa budurwa ta ƙaurace wa taron biki saboda kunya.

Abin da muke so mu kafa a wannan jawabi guda ɗaya ne. Cututtukan da ke sa ƙaiƙayi iri-iri ne, asalinsu daban, maganinsu daban, har ma maganin wani yakan zama abincin wani. Amma mu a garuruwanmu mun tara su mun ba su suna ɗaya, mun kuma sayo musu man shafawa ɗaya daga kemis. Yawancin wahalar da muke sha daga nan ta taso.

SUNA ƊAYA, CUTA HUƊU

A ko'ina cikin Nijeriya, in mutum ya ga farare-fararen tabo a wuyansa ko ƙirjinsa, sai ya ce ya kamu da egzima. Alhali kuwa abin da ke jikinsa kyasbi ne, kuma ba shi ne likitoci ke kira egzima ba. Abin da likitoci ke nufi da wannan kalma, sunansa mafi kusa a Hausa shi ne kirci. Saboda haka ya kamata mu fara da rarrabe huɗun da aka fi rikitawa.

Kyasbi, wata ƙwayar halitta ce dangin fumfuna ke kawo shi, wadda take zaune a fatar kowane ɗan Adam, sai zafi da zufa da maiƙo su sa ta yi yawa. Ya fi kama samari da 'yan mata a ƙirji da baya da wuya, in an kankare shi da farce sai a ga ɗan gari-gari, kuma ƙaiƙayinsa kaɗan ne.

Makero shi ma dangin fumfuna ne, amma shi ana ɗaukarsa daga mutum ko daga dabba. Yakan yi zobe mai tudun baki, in ya kama kan yaro sai gashin wurin ya kakkarye. Askar wanzami da injin aski da mataji da hula su ne manyan hanyoyinsa, shi ya sa ya yi yawa a makarantun allo da na kwana.

Ƙazuwa kuwa wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ido ba ya gani sosai, wanda ke haƙa rami a cikin fata ya yi ƙwai. Alamarta ita ce ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu da hammata, sa'an nan za a tarar ba mutum ɗaya ke susa a gidan ba.

Na huɗu shi ne kirci, wanda shi ne ginshiƙin maganarmu. Shi ba ƙwaro ba ne, ba fumfuna ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Ko an ci tuwo akushi ɗaya da mai shi, ko an kwana tabarma ɗaya, ba ya tsallakawa.

MENE NE ASALIN KIRCI?

Bahaushe ya ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu bayanin kirci da ya fi wannan. Saman fatar mutum kamar ginin tubali yake, ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani maiƙo na musamman kuma shi ne ƙasar da ta ɗinke tsakaninsu. Aikin wannan bango biyu ne: ya tsare ruwan jiki kada ya tsere, ya kuma hana ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta shiga. Mai kirci an haife shi da bango mai rauni. Ruwa yana fita, fata ta bushe ta tsattsage, abin da ke waje ya kutsa ciki, garkuwar jiki ta tashi da faɗa fiye da kima, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Da an sosa sai tsagar ta ƙaru, ƙaiƙayin ma ya ƙaru. Haka abin zai yi ta zagayawa, susa na kiran ƙaiƙayi, ƙaiƙayi na kiran susa, har fatar ta yi kauri ta yi baƙi.

Akwai gado a cikinsa. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sikotilan suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin tana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo shi ga Turawa. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa raunin bangon fata shi ne tushen al'amarin. Har wa yau, kirci ɗan ɗaki ɗaya ne da ciwon fuka da yawan atishawar ƙura. In aka bincika gidan yaro mai kirci, sau da yawa za a sami uba mai fuka ko uwa mai murar da ba ta ƙarewa. A ƙasashe da dama yakan kama kusan yaro ɗaya cikin biyar. Galibi yakan fara kafin yaro ya cika shekara 5, kuma da yawa yakan yi musu sauƙi in sun tasa.

Ga jariri yakan bayyana a kumatu da goshi da bayan hannu da ƙafa. Ga yaro babba da baligi ya fi son lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya. Akwai kuma abin da ya kamata 'yan'uwanmu masu koyon aikin asibiti su lura da shi. Littattafan da aka rubuta a Ingila da Amurka sun ce wurin yakan yi ja, domin a farar fata aka ɗauki hotunansu. A fatarmu ba safai ake ganin ja ba. Sai dai wurin ya yi duhu, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi kamar fatar kazar da aka fige. Wanda ya tsaya neman ja zai raina ciwon da ya riga ya yi tsanani.

ABUBUWAN DA KE TAYAR DA SHI A ƘASARMU

Kirci yakan kwanta ya tashi, kuma kowane lokaci na shekara da irin tasa fitinar. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan busar da kome, har wanda ba shi da kirci sai ya yi kaushi da faso. A lokacin ne kuma muke tafasa ruwan wanka ya yi zafi ƙwarai, mu daɗe muna dirzar jiki da soso, mu kwana kusa da wuta. Duk waɗannan suna wanke ɗan maiƙon da ya rage a fata. In bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, gishirin zufa ya shiga tsagar fata ya yi ta raɗaɗi. Da damina manomi na cuɗanya da takin zamani da maganin feshi da hannu tsirara. Da kaka kuwa ga sussuka da shiƙa, kuma ba banza ba ne Hausa ta ba ƙaiƙayin gero da ƙaiƙayin jiki suna ɗaya.

Ban da lokutan shekara, akwai sana'a. Akwai wani nau'in kirci da ke fitowa daidai inda wani abu ya taɓa fata. Magini yakan same shi daga siminti, bakanike daga fetur da baƙin mai, marini daga sodar da ake zubawa a rinin zamani, mai wanki da guga da matan gida daga garin sabulu da yawan jiƙa hannu. Wasu kuma daga ƙarfen 'yan kunne ko agogo ko maɓallin wando. Wurin da ciwon ya fito shi ke tona asirin abin da ya kawo shi, domin jiki magayi ne.

A nan muna da jan kunne ga 'yan'uwanmu mata. Lallen gargajiya na ganye ba safai yake cutarwa ba. Amma baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi don ya kama da wuri, yana ɗauke da sinadarin da ke sa fatar wasu ta kumbura ta yi ruwa daidai bisa zanen, bayan kwana ɗaya zuwa mako biyu. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, da wuya ya sake karɓarsa har ƙarshen rayuwa, kuma rinin gashi ma zai riƙa tayar mata da shi. Haka nan humra da turaren da ake fesawa a fata da sabulu mai ƙamshi, duk suna iya tayar da kircin da ya kwanta.

Tufafi ma suna da nasu. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, auduga da gyaɗar ƙasar nan aka riƙa lodawa zuwa kudu. Abin mamaki, yau jikokin manoman audugar nan su ne ke sa wa jarirai rigunan roba da na ulu masu riƙe zufa da kartar fata, alhali babu tufar da ta fi auduga dacewa da mai kirci. A ƙarshe akwai damuwa. Ɗalibi mai kirci ya san yadda yake tashi in jarrabawa ta matso, balle kuma iyalin da ke kwana da fargabar harin dare.

KULAWAR YAU DA KULLUM

Gaskiyar da ya kamata a gaya wa iyaye ita ce, babu allura ko sassaƙe da ke tumɓuke kirci daga tushe rana ɗaya. Ana lallaɓa shi ne, kamar yadda ake yaɓen gida kowace shekara kafin damina. Wanda ya riƙe ƙa'idodin nan zai iya yin watanni bai ji ɗuriyarsa ba.

Na farko, wanka. Sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, cikin minti biyar zuwa goma. A ajiye soso, a yi amfani da tafin hannu, sabulu kuma ya zama marar ƙamshi, a taƙaita shi ga hammata da matsematsi da ƙafafu. A daina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wankan jariri, domin ƙara busar da fata yake yi.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma, mai. Da an fito wanka a ɗan dadanna jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa mai nan take tun fata na da danshi, a kuma maimaita aƙalla sau biyu a rana, ko da ciwon ya kwanta. Ba sai an nemi mai tsada ba. Farin basilin marar turare da man kaɗe tsantsa wanda ba a gauraya da kome ba, waɗanda ana samunsu a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da sauran kasuwanninmu, suna yin aikin. A ɗiba da cokali mai tsabta maimakon tsoma yatsa a kwalba.

Na uku, a yanke wa yaro farce, a sa masa tufar auduga marar matsi, a ɗauraye wanki sosai har kumfa ta fita. In ƙaiƙayi ya taso, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa. Mai sana'ar siminti ko rini ya sa safar hannu, ya shafa mai bayan aiki.

Na huɗu, abinci. Mun saba in yaro ya yi ƙuraje a ce a hana shi ƙwai da nono da gyaɗa da kifi. Lalle akwai yara ƙalilan da wani abinci ke tayar musu da ciwon, amma ma'aikacin lafiya ne zai tantance wannan. A shekarar 2024 ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka tare da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar kimanin ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A irin wannan wuri, hana yaro abinci mai gina jiki bisa zato ya fi kircin hatsari. Uwa kuma ta ci gaba da ba da mama.

MAN KEMIS: WUƘA MAI BAKI BIYU

In kirci ya tashi sosai, mai kaɗai ba ya kwantar da shi, sai an haɗa da maganin shafawa mai rage kumburi, dangin da ake kira sitiroyid. Tun shekarar 1952 da likitoci a Amurka suka fara shafa haidirokotizon ga masu ciwon fata, wannan dangin magani ya sauƙaƙa wa miliyoyin mutane. Amma yana da matakai, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi ƙwarai. Ga fuska da jikin jariri mai sauƙin ake ba da wa, a shafa daidai kan ciwon, na mako ɗaya ko biyu bisa umurnin ma'aikacin lafiya. Ma'auninsa ma sananne ne: abin da aka matso daga kan yatsan nuni zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba.

To, abin da ke faruwa a garuruwanmu dabam ne. Da an je kemis an ce ana ƙaiƙayi, sai a miƙo man nan mai haɗi uku, wanda a cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi. Kwana biyu ƙaiƙayi ya lafa, mutum ya ce ya dace. In makero ne, maganin ya danne garkuwar fata ke nan, zoben ya ɓace wa ido amma ya yi ta yaɗuwa. In ƙazuwa ce, ƙwaron na nan yana hayayyafa yana bin 'yan gida. In kuwa aka ɗauki watanni ana shafawa, fata takan yi siriri ta yi nankarwa, ta fito da ƙuraje, jijiyoyi su bayyana. Mafi muni shi ne zuba shi cikin man shafawar jariri don wai jikinsa ya yi sumul, domin fatar jariri na tsotse shi ya shiga jini, har ya iya tauye girmansa. Irin wannan sinadari ne kuma ke cikin da yawa daga mayukan sauya launin fata.

Kowace cuta da nata magani. Kyasbi na son maganin fumfuna na shafawa ko na wanka, kuma launin fata kan ɗauki watanni kafin ya daidaita, don haka tabon da ya rage ba ya nufin magani bai ci ba. Makeron kai ba ya jin shafawa kaɗai, sai an sha ƙwayoyi na makonni. Ƙazuwa kuwa sai an yi wa duk 'yan gida magani rana ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana, a kuma maimaita bayan mako guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a shekarar 2017, ta kuma ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 na ɗauke da ita. Cunkoso ne abokin tafiyarta. Dubban mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyuka suka taru a cikin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, iyali guda a ɗaki guda, su ne ta fi samun sauƙin kamawa. Wannan ba ƙazanta ba ce, halin da suka sami kansu ne, kuma wanda ya ƙyamace su ya ƙara musu ciwo a kan ciwo.

YAUSHE ZA A GARZAYA ASIBITI?

In ciwon ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo mai launin zuma, ƙwayoyin cuta sun shiga. In ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka bazu farat ɗaya tare da zazzaɓi, musamman kusa da ido, kada a kwana. In yaron da ya yi gyambon ƙazuwa ya fara kumburin fuska ko fitsarinsa ya yi duhu, a hanzarta, domin ƙoda na iya taɓuwa. In kuma aka ga tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, aka shafa shi da auduga mai shi bai ji ba, a je a auna kuturta. Tana warkewa sarai, kuma tun shekarar 1995 ake ba da maganinta kyauta a duniya. Akwai manyan asibitoci a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, abin da ya fi ƙarfinsu kuma su tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, a gidajenmu mu ake miƙa wa kwalin magani a ce, "Kai da ka yi boko, duba mana." Wannan amana ce. In muka koma hutu, mu karanta abin da aka rubuta a jikin man da ake shafa wa ƙannenmu. Mu tambaya ko mutum ɗaya ke susa a gidan ko da yawa. Mu gaya wa innoninmu da gwaggonninmu, cikin ladabi, cewa yaro mai kirci ba sammu aka yi masa ba, ba kuma sakacin uwarsa ba ne, kada a raba masa kwano ko a hana shi makaranta. Yayyenmu malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, su sa ido a kan kayan aski da cunkoson ɗakunan kwana, su kuma matsa a riƙa kai maganin ƙazuwa inda 'yan gudun hijira suke. Hunturu na tafe kowace shekara, kwalbar man kaɗe ba ta fi ƙarfin kowa ba, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu gida cikin aminci.